Yadda Ake Cin Moriyar Tallafin Wutar Lantarki

Duk wanda ya ce maka ka cike fom a waya, ka biya dubu biyu, gwamnati za ta turo maka kuɗin tallafin wuta, ɗan damfara ne. Tallafin ba ya shigowa asusun banki. A cikin farashin yunit yake ɓoye, kuma rukunin da aka sa layinku ne ke nuna ko kana samu.

1. San rukuninka. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kasa masu amfani da wuta gida biyar: A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A watan Afrilun 2024 aka janye tallafi daga rukunin A, yunit ya koma naira 225, daga baya ya ɗan sauko. Sauran huɗun aka bar musu nasu. Layin da ke ba unguwa wuta ake sa wa rukuni, don haka mai shago da maƙwabcinsa magidanci duk jirgi ɗaya ya ɗebo su.

2. Yi lissafi da rasit. Nan mutane ke tafka kuskure. Kada ka raba kuɗin da ka biya kai tsaye da yawan yunit. Fara cire harajin VAT na kashi 7.5, sannan ka duba ko an zare wani abu na tsohon bashi, don sau da yawa a ƙasan rasit ake rubuta shi da ƙananan baƙaƙe. Abin da ya rage shi za ka raba.

Misali, ka sayi wutar dubu goma ba bashi a kanka. In yunit kusan 44 ka samu, farashin rukunin A kake biya. In ya haura 100, kana cikin masu tallafi.

3. Rubuta awannin wuta. In an sa ku a A amma wutar ba ta kai awa 20, surutu a majalisa ba zai gyara komai ba. Sayi ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, har da na dare. Ku yi ku uku ko huɗu a taransifoma ɗaya. Ƙa'idar hukumar ita ce, layin da ya gaza kwana bakwai a jere a sauke shi daga rukunin.

4. Kai ƙorafi a rubuce. Miƙa wa sashen ƙorafi na kamfaninku, KEDCO ne ko Kaduna Electric ko waninsu, ka tabbata an buga hatimi a kwafinka. Kwanakin aiki 15 suke da su. In shiru, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, ko hukumar jiha inda jihar ta karɓi ragamar harkar.

5. Nemi mita. Bil ɗin ƙiyasi ma yana da iyakar da hukuma ta gindaya, amma mita ta fi kwanciyar hankali. In ka saya ta tsarin MAP, wato na sayen mita da kuɗinka, ana mayar maka da kuɗin a hankali ta hanyar yunit, saboda haka adana rasit. A asusun da kamfani ya bayar za ka biya, kada ka danƙa wa mai tsani a hannu. Kuma kada wani ya ruɗe ka da zagaye mita, tarar ta fi kuɗin wutar ciwo.