Jirgin Ruwa Mai Gawa da Sirrin Son Sani

Gabatarwa

Sau da yawa malamai kan koka cewa yaron da ba ya iya zaman minti 20 a kan littafi yakan shafe sa'o'i a gaban wasan kwamfuta. A wannan darasi za mu ɗauki wasa guda na binciken laifi, mu ga abin da ke riƙe mai wasan, sa'an nan mu nemi bayaninsa a ilimin halittu.

Labarin Wasan

Sunan wasan Return of the Obra Dinn. Wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope ne ya ƙirƙiro shi, aka fitar da shi a 2018. Labarin ƙagagge ne. Wani jirgin ruwan fatake ya tashi daga Landan a 1802 da mutum 60, ya ɓace, sai ga shi a gaɓar Ingila a 1807 babu mai rai a cikinsa. Mai wasa shi ne jami'in inshora da aka aika ya gano makomar kowa.

Kayan aikinsa biyu ne. Akwai littafi mai ɗauke da sunayen mutanen da zanen fuskokinsu, amma ba a nuna wane suna ne na wace fuska ba. Akwai kuma agogon tsafi wanda, in an kusanci gawa da shi, yakan jiyar da maganganun ƙarshe, ya nuna daidai lokacin mutuwar a daskare. Daga nan sai lura: karin harshen mutum, irin tufafinsa, lambar ragar da yake kwana a ciki.

Wasan ba ya gaskata amsa ɗaya ita kaɗai. Sai an dace da makomar mutum uku kafin ya tabbatar da su. Saboda haka cinke ba ya kai mutum nesa, dole sai da hujja.

Abin da ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

A 2014 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun yi wa mutane tambayoyi suna ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Sun gano cewa idan mutum ya ƙagu ya ji amsa, sassan da ke aiki da sinadarin dofamin sukan motsa. Waɗannan sassa su ne ke zaburar da halitta ta nemi abinci ko ruwa. Sun kuma gano cewa amsar da aka ƙagu a ji ta fi zama a ƙwaƙwalwa. Ashe ke nan son sani wata irin yunwa ce, wasan kuwa ya iya tayar da ita, ya kuma ƙi ƙosar da ita sai an yi gumi.

Kammalawa

Lura, hasashe, gwaji, gyara kuskure: matakan mai wasan su ne matakan masanin kimiyya. Dukansu sun yarda ruwa ba ya tsami banza. To, malam, kafin ka rubuta amsa a allo, gwada ajiye wa ɗalibanka tukwane biyu na shukar wake, ɗaya kore shar, ɗaya ta yi rawaya. Ka ce su gano dalili, kuma kada ka karɓi amsar kowa sai ya kawo hujja uku.