Darasi na Wannan Wata: Ƙibar Yaranmu da Wasan da Ke Sa Gumi

Karatu: 1 Korantiyawa 6:19-20

 Mun sani a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun rama da tamowa ne suka fi damun yara, ba mu kuwa manta da wannan ba. Amma wata cuta ta fara leƙowa a gidajen da ke cikin gari, wato ƙiba ga samari da 'yan mata. Mu kan ga yaro ya yi jiki mu ce hutu ne. Ba kullum ba ne haka.

Daga ina ƙiba take?

Jiki kamar rumbu yake. Abin da aka ci ba a yi aiki da shi ba, sai ya ajiye shi ya zama kitse. Idan kitse ya yi yawa tun ana yaro, yakan jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa tun kafin a tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990, cikin yara 100 masu shekara 5 zuwa 19, takwas ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai 20.

Mu duba gida. Lokacin da aka gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, yaro yakan tafi makaranta da ƙafa, ya yi kiwo, ya ɗebo ruwa, ya taya aikin fadama, da farin wata kuma ya fita dandali. Yau babur ke kai shi, inji ke yin niƙa. Rashin tsaro kuma ya sa iyaye da yawa ba sa barin yara su yi nisa, kuma suna da gaskiya. Sai yaro ya wuni a zaune da waya a hannu, ga lemon kwalba, ga taliya da biskit.

Wasan na'ura mai sa motsi

A ƙasashen Turawa sun ce, tun da yara ba sa rabuwa da wasan bidiyo, bari a yi wanda sai an tashi tsaye. A 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar Wii, wadda mai wasa ke kaɗa hannu yana tsalle a gaban talabijin. Ko ta yi magani? An gwada. A Niyu Zilan an bi yara 322 masu ƙiba, 'yan shekara 10 zuwa 14, har mako 24. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna waɗanda aka ba irin wannan wasa sun ɗan fi sauran samun sauƙi, amma bambancin kaɗan ne. A birnin Houston na Amurka kuwa, binciken 2012 ya nuna yaran da aka kai wa wasan motsi gida, aka bar su su kaɗai, ba su fi waɗanda aka ba wasan zaune motsa jiki ba.

Ga abin koyo a nan: ba na'ura ce magani ba, gumi ne. Yaro kuwa ba ya daɗewa yana gumi shi kaɗai, sai da abokai da babba mai lura. Saboda haka kada mai gida ya sayar da buhun shinkafa don na'urar da sai da lantarki. Wanda yake da ita, ya tara yara su yi tare, ya fi zaman kallo.

Abin da muke da shi

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 kowace rana yana motsin da zai sa shi haki. Langa tana yin wannan. Haka kokawa da ƙwallo da tsallen igiya da gaɗa, haka tuƙa keke da ban ruwa a lambu. Duk ba sa cin kwabo.

1. Kowace ƙungiya ta share fili kusa da majami'a, cikin gari, ta sa yamma uku a mako don wasa, a tashi kafin duhu. A gayyaci yaran maƙwabta.
2. A zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya su lura. Kada a bar 'yan mata a baya da sunan aikin gida.
3. A ba matasa ɗan fegi su yi lambun kansu.
4. A rage zaƙi. Hukumar ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce ƙaramin cokali 6 a rana, kwalbar lemo guda kuwa tana iya cinye wannan rabo duka. A koma ga wake da zogale da kuka da ruwa mai tsabta.
5. Kada a hana yaro abinci, gama yana cikin girma. Kada a yi masa ba'a, gama wanda aka kunyata ɗaki yake shigewa. Idan yana yawan ƙishi da fitsari, ko jiki ya kumbura, a kai shi asibiti.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Awa nawa yaranmu ke yi a zaune kowace rana?
2. Waɗanne wasanni muka yi da ƙuruciya da yaranmu ba su sani ba? Wa zai koya masu?
3. Bisa ga karatunmu, jikin yaron nan na wane ne? Me za mu amsa a kansa?

A rufe da addu'a domin matasanmu, da kuma zaman lafiya a ƙasarmu.