Mai Taɓin Hankali da Ke Yi wa Kansa Rauni

Ya ku jama'ar Parakou da Djougou, ku sani akwai wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 1 cikin 300 yana ɗauke da shi. Yakan fara ne daga ƙarshen balaga zuwa kusan shekara 30.

Mai wannan ciwo yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Wani lokaci muryar ta ce masa idonsa ne ya yi saɓo, ko al'aurarsa, sai ya cire zai tsarkaka. To, daga nan ake samun wanda ya ɗauki reza ya illata kansa. Ba a cika samun haka ba, amma yawanci yana faɗa wa wanda ba a taɓa yi wa magani ba, ko wanda ya ajiye maganinsa. Alamu sukan riga zuwa: ya daina barci, ya rufe kansa a ɗaki, ya yi ta ambaton wata gaɓa tasa yana cewa najasa ce. In kun ga haka, ku kwashe wuƙaƙe da reza, kada ku bar shi shi kaɗai ko da dare, ku nufi asibiti ran nan.

In aikin gama ya gama, a danne raunin da tsumma mai tsabta. Gaɓar da ta yanke a sa ta a leda, a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da ita.

Kada a ɗaure mara lafiya: mari da turu ba sa kashe murya, sai dai su ci ƙafa. Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin wanda da can faci yake yi, ya shafe shekaru yana kwance marasa lafiya daga sarƙa, kuma ƙungiyarsa ta Saint Camille tana da cibiya a Djougou. A Parakou kuwa akwai likitocin ƙwaƙwalwa a babban asibitin Borgou. Addu'a ba ta hana zuwa can.

Akwai ƙwayoyi irin su Largactil da Haldol, akwai kuma allurar da ake yi kusan sau ɗaya a wata ga mai mantuwa. Wani lokaci magani yakan sa wuya ya sanƙare, hannu ya riƙa rawa, sai dangi su tsorata su ce ciwon ne ya ƙaru, su jefar da maganin. Kuskure ne babba. A koma wa likita, zai rage yawansa ko ya haɗa da wani.