Darasin Tarihi Da Ƙuri'ar Matan Arewa

'Yan'uwa, ku da kuke da yara a makaranta, ya kamata ku san abin da ya sami darasin tarihi a Nijeriya. Wajen shekara ta 2009 aka fid da shi daga firamare da ƙananan azuzuwan sakandare, aka zuba ɗan abin da ya rage cikin darasin zaman jama'a. A 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin komo da shi. Yaran da suka yi karatu a tsakanin nan sun girma, da yawansu su ne masu jefa ƙuri'a yanzu.

Darasin zama ɗan ƙasa kuwa ba a daina shi ba. Yaro yakan haddace cewa akwai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma wanda ya kai shekara 18 yana da ikon yin zaɓe. Gaskiya ne duka. Amma idan bai ji yadda aka sami ikon nan ba, zai ɗauka daga sama ya faɗo, ba kuwa zai ji zafin sayar da shi saboda taliya da sabulu ba.

Bari mu duba misali guda. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa an hana su. Muka sami mulkin kai a 1960, ba a sāke ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci matan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, tana cikin masu cewa ba su yarda ba. Ta sha duka, ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara yin zaɓe, tsarin mulki na 1979 kuma ya tabbatar musu. Ku lissafta da kanku: shekara 16 ke nan bayan an sauke tutar Ingila.

To, malamin da ya san aikinsa ba zai rubuta shekarun nan a allo ya yi shiru ba. Zai aiki kowane yaro gida ya tambayi tsohuwar da ke kusa da shi, “Kaka, yaushe kika fara jefa ƙuri'a? Wa ya raka ki?” Kashegari a kawo amsoshin, a gwada su da abin da littafi ya ce. Inda suka saɓa, a nan darasi yake da daɗi, gama yaro zai koyi auna magana kafin ya karɓa.

Bayan haka sai ajin ya zaɓi monitansa da takarda a asirce, a ƙidaya a gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Sau da yawa malami ne yake naɗa yaron da yake ɗauko masa ruwa. Wannan ma koyarwa ce, yara kuwa suna kama ta da sauri.

Iyaye, idan an kira taronku da malamai, ku tambayi hedimasta ko akwai mai koyar da tarihi a makarantar, da kuma sau nawa yake shiga aji a mako.