Burodin gero da dawa: yadda zai tashi, yadda zai kwana

Burodin alkama yana tashi ne albarkacin gulutin, sinadari mai danƙo da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa. Gero da dawa, cimar Bader Goula da sauran ƙasar Dakoro, ba su da shi. Hakan rahama ce ga masu cutar siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, waɗanda gulutin ke lalata wa hanji. Ga mai gasa burodi kuwa aiki ne ja: burodin ba ya kumbura, yana marmashewa, kafin gobe ya ƙandare.

Gyara daga gari yake farawa. Gero yana da mai, kuma da an niƙa shi man ke soma lalacewa, cikin 'yan kwanaki garin ya yi ɗaci, balle da bazara. Surfe mai kyau da turara tsabar kafin niƙa suna jinkirta wannan, amma niƙa daidai buƙata ya fi. In don mai cutar siliyak ne, a guji injin da aka niƙa alkama; ma'aunin abinci na Codex bai yarda gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ba a abincin da ake cewa ba shi da gulutin. Burodin da cibiyar ITA ta Dakar ta ƙirƙiro, mai gero kashi 15 cikin 100, sauransa fulawar alkama ce, don haka bai dace da mai siliyak ba.

Danƙon da ya rasa aro ake yi. A ɗebi kaɗan daga garin a yi talge, ya huce, a mayar cikin kwaɓin. Dafaffen gari yana riƙe ruwa. Garin rogo yana ƙara laushi, garin wake da ƙwai su ba shi jiki, ɗan ƙaro ko kuka su ɗaure shi, kamar yadda masu ɗanwake suka daɗe suna yi da kuka. Kwaɓin ya zama ruwa-ruwa kamar ƙullun masa, a gasa a gwangwani. Barin kwaɓin ya kwana ya yi tsami kafin a gasa shi ne mataki mafi araha kuma mafi amfani, domin tsamin yana gyara ɗanɗano, yana danne hunhuna.

Wajen ajiya, da hunturu bushewa ce matsalar, da damina hunhuna. Kada a ƙulle burodin a leda da zafinsa, gumin ne ke jawo ruɓa. Firiji yana gaggauta ƙandarewa, daskararwa ce ke tsayar da ita. Inda babu lantarki, a gasa ƙanana na yini biyu, ragowar a yanyanka a sake gasawa har ta bushe ƙarau, ta yi makonni a rufaffen mazubi.