Ƙuncin Jijiyar Zuciya Ga Yara Da Alamun Da Ke Fallasa Shi

Daga cikin mas'alolin da iyaye kan kawo gaban likitan yara, kaɗan ne suka kai wannan rikitarwa: jariri ya kama nono, ya tsotsa kaɗan ya saki yana haki, zufa ta keto masa a goshi alhali ɗaki ba zafi, wata ya bi wata nauyinsa bai ƙaru ba, har tsofaffin gida su yanke hukunci cewa beli ne, a aika a kira wanzami. Sau da yawa kuwa illar tana can cikin ƙirji, domin a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa, kimanin 8 kan zo da wata tawaya a zuciya, kuma daga cikin waɗannan akwai masu ƙunci a manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga gare ta, wato wadda ke kai jini huhu da wadda ke raba shi ga sauran jiki, wadda likitoci ke kira awota. Idan ɗayarsu ta ƙuntata, sai zuciya ta zama kamar mai ban ruwan lambu da aka cushe masa magudana: ta yi ta ƙara ƙarfi, namanta ya yi kauri, daga bisani ta gaza.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, wani lokaci wannan ƙunci ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo tare da wasu siffofi na zahiri waɗanda asalinsu canji ne a ƙwayoyin halitta, har mai basira ya iya zargin cutar tun daga kallon yaro. 'Yar da aka haifa da kumburin bayan hannu da ƙafa, da fata mai faɗi a gefen wuya, ta kuma taso gajeruwa ƙwarai, tana iya kasancewa da lalurar da Henry Turner ya bayyana a 1938, wadda ke samun mace ɗaya cikin kimanin 2,500 sabili da rashin ɗaya daga kuromosom X guda biyu, kuma akan tarar da awotarta a shaƙe a bayan inda jijiyoyin hannu suka rabu. Hujjar wannan ƙunci mai sauƙi ce: a taɓa bugun jini a matsematsi a ji shi da rauni ko babu, a auna hannu a tarar da hawan jini, ƙafa kuwa ƙasa-ƙasa. Wani jaririn yakan yi lafiya lau kwanakin farko, sai dab da suna ya rikice, domin wata ƙaramar hanyar jini da yake dogaro da ita tun yana ciki ta rufe.

Lalurar Williams, wadda wani likita na ƙasar Niyuzilan ya siffanta a 1961, tana faruwa ne idan wani ɗan yanki na kuromosom na 7 ya ɓace, tare da ƙwayar da ke sa jijiya ta riƙa miƙewa tana komawa, sai awota ta tsuke a daidai saman mafitarta. Yaran nan masu faɗin baki ne da ɗagaggen hanci, ga fara'a da son kiɗa da saurin sabo da baƙo, har iyaye su shagala da wannan baiwa su manta da jinkirin da ke tattare da karatunsu. Akwai kuma wata lalurar da ake kira Noonan, ita kuwa ƙofar jijiyar huhu ta fi taɓawa.

Wajibi ne a nan in kare uwa, domin na ga yadda dangin miji ke ɗora mata laifi. Lalurar Turner da mafi yawan ta Williams sukan auku ne haka nan lokacin da ciki ya shiga, ba don abin da ta ci ko ta aikata ba, kuma auren zumunci ba shi ne sababinsu ba. Noonan kam ana iya gadonta, domin wanda ke da ita, uwa ko uba, kowane cikin da aka samu rabi da rabi ne.

To, me za a yi? A dakatar da wanzami, a kai yaro babban asibiti, a nemi hoton zuciya da ake kira eko, wanda ba ya ciwo, a kuma roƙi a auna jini a hannu da ƙafa. Magani yana nan: tun 1944 Clarence Crafoord ya yanke shaƙaƙƙen wurin awota ya haɗa bakin biyu a ƙasar Suwidin, kuma tun 1982 ake buɗe ƙofar jijiyar huhu da ɗan balan-balan da ake zurawa ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ƙunci mai sauƙi ma sa ido kawai yake bukata.

Amma mai lalurar Williams yana da hukunci na musamman: maganin sa barci na tiyata yana iya tsayar masa da zuciya, saboda haka ko kaciya ce ko cire haƙori, lalle a shaida wa likita tun kafin a fara, kuma kada a ba shi ƙarin sinadarin kalsiyam ko bitamin D sai da izini. Wanda aka yi wa aiki ya ci gaba da zuwa awon jini da hoto har girmansa, domin wurin da aka buɗe yana iya sake tsukewa bayan shekaru.