Yadda Ake Haɗa Salak Hawa-Hawa a Sabonjida

A unguwar Sabonjida da ke Tamale, da wuya a yi suna ko walima ko yawon Sallah ba a fito da tiren salak ba. Salak ɗin Gana ya wuce ganye da tumatir. Jera shi ake yi hawa-hawa, a ci da sanyinsa a gefen waakye (shinkafa da wake) ko jalof, ko kuma a yago burodi a riƙa dangwala ana hira. Waken gwangwani da kirim ɗin salak da ke cikinsa gadon Turawan Ingila ne, domin a can kamfanin Heinz ya fara sayar da kirim ɗin a 1914. Sauran kayan kuwa, kasuwar Aboabo ta wadatar.

Uwargida, ga abin da za ki tanada don mutum goma: latas manya 2, rabin kabeji, karas 3, kokwamba 2, tumatir 4 masu tauri, albasa 1, ƙwai 6, waken gwangwani 1, kifin gwangwani 2, da kwalbar kirim. Idan damina ce, ki nemi ƙwan zabi. Ya fi na kaji ɗanɗano, sai dai ɓawonsa da tauri.

Wankewa ita ce rabin aikin. Da rani, lambunan cikin gari irin na Gumbihini da ruwan dam ake shayar da su, wasu ma da ruwan kwata. Don haka ki ware latas ganye-ganye, ki wanke da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, ki jiƙa shi cikin ruwan khal kamar minti 10, sannan ki ɗauraye. Ki zuba a kwando ya tsane sarai. A nan mata da yawa ke yin gaggawa, kuma a nan salak ke lalacewa: jiƙaƙƙen ganye yana tsinka kirim, kafin baƙi su zauna ruwa ya kwanta a gindin tire.

Ki dafa ƙwai minti 10, ki tsoma a ruwan sanyi, ki ɓare. Ki goga karas, ki yanka kabeji siriri, kokwamba da albasa kuma zagaye-zagaye. Tumatir ki cire 'ya'yansa. Ki tsiyaye man kifin, ki farfasa shi da cokali, ki rage romon waken.

Sai jeri. Kabeji ne a ƙasa, don shi ke jure nauyi ba ya laushi. Latas ya biyo baya, sai karas, kokwamba, albasa da tumatir. Ki barbaza kifi, ki bi da wake cokali-cokali, kada ki juye shi wuri guda. Idan tiren mai zurfi ne, ki maimaita jerin. Ƙwai ne a sama. Wasu suna ƙara naman gwangwani da dafaffiyar makaroni. Ni dai ina ganin an cika masa kaya, gara soyayyen cukun wagashi da aka yanka ƙanana. Kada ki sa gishiri, yana jawo ruwan kokwamba, kuma wanda ke cikin kifi da wake ya isa. Kada kuma ki juya.

Ki rufe, ki sa a firij kamar awa guda. In an ɗauke wuta, ki ɗora tiren kan ƙanƙara a cikin kula. Zafin Tamale a Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, ƙwai da kifi da kirim kuwa ba sa jure wannan. Shi ya sa sai baƙi sun hallara ake tsiyaya kirim a kai, layi-layi, mai son ketchup ya ɗan ɗiga. A irin wannan zafi kada tiren ya wuce awa guda a waje, abin da ya rage kuma ba a ajiye shi zuwa gobe.

Mai rabawa ta riƙa nutsa cokali har ƙasa don kowa ya sami kowane hawa. Shito kuma, wato miyar yaji, a ba shi ƙaramin kwanonsa daban, saboda yara da masu gudun yaji.